Kunkuru da Mujallar Evaristo

Litinin, 3 ga Disamba

Mujallar ta iso. Ina kicin na ji ƙarar babur ɗin mai kawo wasiƙu, na ji mijina Evaristo ya miƙe da saurin da ban taɓa gani ba in ni na kira shi cin abinci. Gida Bisa Hanya, fitowar Disamba. A bangonta wata ƙatuwar mota-gida fara fat a bakin tafki, namiji riƙe da makulli, matarsa tana shanya tawul tana dariya, kai ka ce shanya wani abin daɗi ne.

Bazara ta uku ke nan Kunkuru, gidanmu mai taya da muke ja da a-kori-kura, yana zaune ƙarƙashin rumfar inabi bai ga kwalta ba. Shekarar farko mujalla ta ce kada kowa ya kama hanya sai da farantin sola a rufi. Muka sa. Ta biyu ta ce tsohon tankin ruwa yana kawo ciwon ciki. Muka canza. Yau da rana ya leƙo kicin da yatsa a tsakiyar shafi. "Tsohuwa, kin san birkinmu tsohon yayi ne?" Na ce na sani, mai shi ma haka.

Bai yi dariya ba. Ni ma ba wasa nake ba.

Laraba, 5 ga Disamba

Zulema ta kira daga San Antonio. Ta sayar da gidan. Ƙarshen Fabrairu za ta koma Sifen wajen ɗanta, kuma daga muryarta na san ba tafiyar dawowa ba ce. Ƙanwata ɗaya tak a duniya.

"Minia, kin tuna alkawarinki? Tun muna da haƙoranmu cif kika ce za ki kawo Kunkuru Las Grutas mu kwana a ciki, mu buɗe ƙofa da safe mu ga teku. In ba ki zo bana ba, sai dai ki ja shi ta cikin ruwa ki same ni."

Na ce muna nan zuwa. Na faɗa wa Evaristo. Ya ce za a je, za a je, bari kayan birki su iso.

Asabar, 8 ga Disamba

Na kwashe gizo-gizo daga labulen Kunkuru. Kyanwar maƙwabciyarmu Doña Pocha ta haihu a ƙarƙashin gado. Ita dai ta ci moriyar sola da sabon tanki.

Talata, 11 ga Disamba

Abin haushi. Wata yarinya ta bugo daga ofishin mujallar, wai suna tambayar tsofaffin masu karatu ko sun gamsu. Da kun ga Evaristo! Ya gyara wuyan riga, a waya fa. Ya ce yana da kowace fitowa tun ta farko, a jere a ɗakin baƙi, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Gaskiya ne, ni nake goge musu ƙura. Na ji ta ce ya ba su maki daga ɗaya zuwa goma. Ya ce, "'Yata, babu sha ɗaya?"

Sha ɗaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana jan tirelar hatsi daga nan General Pico zuwa tashar jiragen ruwa, wanda abokansa ke cewa zai iya shigar da tirela cikin kafar allura da baya, yau ya koma mai yawon duniya a kujerar roba. Yana karanta hanyoyin kudu da babbar murya, yana gyara musu kuskure, yana cewa gidan man nan ba a nan yake ba. To tashi mana mu je mu gani!

Har zuwa kasuwa yanzu ni nake tuƙa a-kori-kurar. Wai gwiwarsa.

Juma'a, 14 ga Disamba

Na miƙa masa ƙoƙon mate, shayin ganyenmu, har hannuna ya gaji, yana zaune a gefena idonsa a kan shafi. Sai da na yi tsaki ya juyo duka jikinsa kamar wanda aka tasa daga barci. Na ce in bacin ina tsoron Allah da na juye masa ruwan fulas a kan takardar.

Alhamis, 20 ga Disamba

Yau na huce, ko kuma na ƙara. Yarinyar ta sake bugowa yana barcin rana, wai ta manta ta tambaye shi shafin da ya fi so. Ayelén sunanta. Na ce mata shi yana barci, amma ni ina farke, kuma ni ma a gidan nan nake.

"Ke ma kina karantawa, Doña Herminia?"

"Ina gogewa."

Ta yi dariya, ta ce to in ba su maki. Na ce sifili. Ta ce daga ɗaya ake farawa. Na ce su buɗe mini sabon gurbi.

Daga nan ban san inda maganar ta ɓarke ba. Na ce mata shekara da shekaru ban taɓa ganin mace a bayan sitiyari a hotunansu ba, kullum ko tana zuba ruwan mate ko tana yanka tumatur. Na ce duk wata sai sun ƙirƙiro abin da in ba ka saya ba za ka mutu a hanya. Na ce a da can da katifa ɗaya da tukunya biyu muka kai har ƙafar duwatsu, yara uku a baya suna faɗa, babu wanda ya mutu. Na ce mujallarku sunanta Gida Bisa Hanya, amma gidana ta ɗaure shi a tsakar gida. Ita ce kishiyar hanya.

 Na zaci ta ajiye. Sai ta ce, "Doña, tun safe nake kiran mutane, kowa tara, goma, tara, goma. Ke ce ta farko da kika ce wani abu. Zan iya sake kiranki?"

Na ce ta kira, bakina ba ya gajiya.

Talata, 25 ga Disamba

Kirsimeti. Zafi kamar a tanda. Yara sun zo sun tafi. Evaristo ya gasa nama, ya buge da ƙofar kicin da kafaɗa har tiren ya kusa kifewa, ya ɗora wa ƙofar laifi. Kayan birki sun iso tun ranar Asabar, suna cikin kwalinsu. Na yi masa maganar, ya ce ba a taɓa ƙarfe a makon biki. Wannan kuma a wace fitowa?

Laraba, 2 ga Janairu

Sabuwar fitowa. Wai tayar da ta wuce shekara biyar, ko da ba ta taka ƙasa ba, ta tashi daga aiki.

Na fita na shayar da shuka don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Litinin, 7 ga Janairu

An ɗaura birki, an sa sababbin tayoyi. Ni na kira Don Fermín makanike da kaina, na tsaya a kansa. Ya gama ya goge hannu ya ce, "Don Evaristo, wannan ko Tierra del Fuego ka nufa, can ƙarshen ƙasa, zai kai ka." Evaristo ya zagaya Kunkuru, ya duƙa, ya ƙwanƙwasa, ya ce fitilun baya kamar suna lumshewa. Don Fermín ya dube ni, na dubi sama.

An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda ya faɗi haka ba shi da ƙanwa mai tikitin jirgi a jaka.

Alhamis, 10 ga Janairu

Ayelén ta kira. Shugabanta ya ji labarinmu ya ce abin shafi biyu ne: mai sha ɗaya da mai sifili a gado ɗaya. Za ta zo ranar Asabar ta mako mai zuwa da kyamara. Na so in ƙi. Sai na yi tunani, in baƙuwa daga babban birni ta ce a fito da Kunkuru titi don hoto, kunya za ta sa shi ya fito da shi. In ya fito titi kuwa, ni na san yadda zan hana shi komawa.

Da na faɗa masa ya yi murna kamar yaro, ya tafi aski. Ban faɗa masa maganar titi ba.

Asabar, 19 ga Janairu

Ban san yadda zan rubuta ba.

Ayelén ta zo a bas ɗin safe, 'yar siririya, gashi a aske gefe ɗaya, ta sumbace mu kamar ta san mu tun tana goye. Ta ci empanada, fulawar nan mai nama a ciki, ta yaba. Evaristo ya kai ta ɗakin baƙi ya nuna mata jerin mujallu, yana zaro su yana faɗin abin da ke ciki tun kafin ya buɗe. Ta ce ko a ofis ba su da ta farkon. Kansa ya kumbura.

Sai ta ce hasken rumfa bai yi ba, ko za a ja Kunkuru waje. Ni na raɗa mata hakan tun a kicin.

Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce batir. Na ce an caja. Ya ce gwiwa. Na ce taku goma ne zuwa titi, tsoho, kai da ka ja tirela. A gaban yarinya na faɗa, ina murmushi. Doña Pocha ta riga ta leƙo ta katanga, Don Fermín ma ya tsaya da kekensa.

Ya nufi a-kori-kurar. Tunda hancin Kunkuru yana kallon cikin gida, sai da baya za a fitar da shi ta ƙofar, abin da ya yi sau ba adadi da taba a baki. Ya ɗaura maratayin da ke haɗa Kunkuru da motar daidai, hannunsa bai manta ba. Ya shiga, ya sa ribas. Ya fara tafiya a hankali, yana juya kai hagu, dama, hagu, irin juyin kaza, ba irin wanda na sani ba. Na ga ƙugun Kunkuru yana nufar ginshiƙin hagu. Kowa ya gani. Madubin yana nan a gefensa, ginshiƙin ya cika shi. Na ɗaga hannu, na yi ihu, Pocha ta yi ihu. Ƙarar ba ta da yawa. Kusurwar baya ta lotsa, fitila ta tarwatse, bulo biyu suka faɗo.

Ya kashe mota. Bai fito ba.

Ayelén ta sauke kyamara. Na lura ba ta ɗauka ba, Allah ya yi mata albarka. Don Fermín ya ce ai ba komai, aikin rabin yini ne, ya hau kekensa ya ɓace. Pocha ta tuna da tukunya a wuta.

Na raka yarinyar tashar bas. A hanya ta ce, "Doña, ina tsaye dab da tagarsa ina ɗaga masa hannu. Bai gan ni ba. Ba wai bai kula ba, bai gan ni ba." Na ce mata ta kula da jakarta a bas.

Lahadi, 20 ga Janairu

Bai je coci ba. Bai taɓa mujalla ba. Kunkuru yana nan rabi ciki rabi waje, ƙofa ba ta rufuwa.

Litinin, 21 ga Janairu

Ya faɗa. Da hantsi, muna shan mate a rumfa, na zagayo na tsaya a gabansa sosai kafin in miƙa masa. Ya dube ni ya gane na gane.

Hawan jinin ido. Likita a Santa Rosa ya faɗa masa tun shekarar sola, ranar da ya ce mini ya je neman waya da fis. Gefe da gefe ne ke mutuwa, tsakiya tana nan. Ya ce kamar mutum yana leƙen duniya ta bututu, kuma bututun yana tsukewa. Maganin ɗigawa yana cikin akwatin sifana, shi ya sa yake yawan zuwa duba Kunkuru.

"Karatu dai ina yi, tsohuwa. Shafi yana gabana, ba ya fitowa daga gefe."

Na ce me ya hana ka faɗa mini? Ya ce, "In ce miki me? Evaristo Quiroga ba ya ganin madubi?"

Na zage shi. Na ce masa tsohon banza, mai taurin kai, na ce shekara uku ina faɗa da takarda ashe da kai ya kamata in yi. Na yi kuka kuma, don haushi. Haushinsa, da haushin mujallar da ta riƙa miƙo masa hujja duk wata kamar mai ba mashayi bashi, da haushin idona biyu masu lafiya da suka ga ƙoƙon mate, suka ga ƙofar kicin, ba su ga komai ba.

Ni da Don Fermín muka tura Kunkuru ciki da hannu.

Laraba, 23 ga Janairu

Na je tashar bas na tambayi motar San Antonio. Akwai kullum. Na tsaya a gaban tagar har na bayana ya ce, Doña, za ki saya ko hoto kike ɗauka? Na ba shi wuri.

In na hau bas zan ga Zulema, zan ga teku ta tagar wani ɗakin haya. Amma na san ranar da na fita da akwati ni kaɗai, Kunkuru ya zama ɗakin kyanwa har abada, mai shi kuma ya zama kujera.

Juma'a, 25 ga Janairu

Na tarar da wata tsohuwar fitowa a kan keken ɗinkina. Ta Maris, ta shekarar da aka yi ambaliya, takardarta ta yi rawaya. An lanƙwasa kunnen wani shafi: yadda ake komawa da baya da gida mai taya. Evaristo yana can yana ba inabi ruwa, yana fito kamar ba shi ba.

Ban karanta ba. Na duba dai. Daga farko har ƙarshe "maigida zai riƙe", "maigida zai duba", sai can ƙasa: "uwargida ta tsaya a baya tana nuni da hannu, amma kada ta yi magana." Kada ta yi magana! Sifili ma na yi musu alheri.

Akwai dai abu ɗaya. Wai ka sa hannu a ƙasan sitiyari, ba a sama ba, duk inda kake son ƙugun gidan ya nufa sai ka kai hannunka can. Ƙila ƙarya ce.

Litinin, 28 ga Janairu

Ba ƙarya ba ce, amma ba su faɗi cewa gidan yana da ra'ayin kansa ba.

Don Fermín ya gyara fitila, ya fitar mana da Kunkuru. Na ja shi zuwa filin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, bayan rumbunan hatsi, inda babu kowa sai tantabaru. Gaba ba wuya. Baya kuwa, Kunkuru ya naɗe ya zo yana leƙo ni ta taga. Evaristo ya tsaya can nesa a baya, inda zai gan mu duka a cikin bututunsa, yana wurwura hannu.

"Kaɗan! Na ce kaɗan! Sitiyari ne, ba miya kike juyawa ba!"

Na leƙo na ce masa mujalla ta ce mai tsayuwa a baya ba ya magana.  Sai ya ce ashe kin karanta.

Na ce na duba.

Alhamis, 31 ga Janairu

Na taka bokitin fenti da muka ajiye a matsayin ginshiƙi. Na sake taka shi. Wasu direbobin hatsi sun tsaya kallo, ɗaya ya gane shi, ya ce, "Don Evaristo, ka buɗe makaranta ne?" Na ga wuyansa ya yi ja. Na zaci zai ce gwiwa. Ya ce, "Idona ya tafi hutu, Tito. Ita ce direba yanzu. Matsa mata, ba ta san tausayi ba."

Ban dube shi ba. Kafaɗata ciwo, kuloci ya cinye mini ƙafa.

Litinin, 4 ga Fabrairu

Fitowar Fabrairu ta zo. Wai bai kamata a yi doguwar tafiya ba sai da wata kyamara da ake liƙawa a baya. Na ga ya tsaya a shafin ya daɗe. Na ajiye wuƙar da nake yanka albasa, na jira.

Ya juya shafi.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Na shigar da Kunkuru gida da baya, ta ƙofarmu, tsakanin ginshiƙan nan biyu. Pocha ta yi tafi ta katanga. Evaristo ya auna tazarar da tafin hannu ya ce hagu ta fi dama. Shekara arba'in da aure, wannan shi ne yabo.

Zulema ta ce an kwashe kayan gidan, a kan katifa take kwana a ƙasa. "Ki yi sauri, Minia, ƙashina ba na katifar ƙasa ba ne."

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Faɗa a kan kaya. Yana so ya ɗauki mujallu, kwali guda. Na ce ni zan ja nauyin, ni ke da magana. Ya ce kowace hanya da za mu bi tana ciki. Na ce hanya ɗaya ce, miƙaƙƙiya kamar zare, ko jaki ba zai ɓata ba. Mun rabu a kan rabin kwali. Na san ya cusa wasu a ƙarƙashin katifa.

Talata, 12 ga Fabrairu, Río Colorado

Mun fito. Na rubuta don in gani da idona: mun fito.

Hannuna ya ƙage a sitiyari har Santa Rosa. Duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta girgiza Kunkuru. Evaristo yana gefe, mujalla a cinya, fulas tsakanin ƙafafu. Shi ke zuba mate yanzu, kuma ya fi ni iyawa, ba zan faɗa masa ba. Da kunne yake tuƙi. "Canza giya, tana kuka." "Babba na zuwa a baya, riƙe da kyau, kada ki taka birki." Kafin in gan ta a madubi ya ji ta.

Mujallarsa ta ce akwai gidan mai a wata mararraba. Mun tarar da kango da akuya. Na ce sha ɗaya ko? Ya ce fitowar ta daɗe.

A gadar kogi masu duba kaya suka ce ba a shiga kudu da ɗanyun 'ya'yan itace, abin da na sani sarai na manta. Ga jakar ɓaure cike da Pocha ta ba mu. Na rantse ba za a zubar ba. Muka ja gefe muka zauna a inuwar Kunkuru muka cinye, har muka ba ma'aikacin. Cikina yanzu yana ba ni labari.

Mun kwana a zangon bakin kogi. Na shiga gurbi da baya a gaban maza huɗu masu gashin nama. Babu wanda ya ce uffan, abin da ya fi mini tafi daɗi.

Alhamis, 14 ga Fabrairu, Las Grutas

Zulema ta rame, ta yi furfura, bakin dai yana nan. Ta ga lotsawar baya ta ce, "Wa ya yi wannan?" Muka ce ginshiƙi, a tare.

Gurbin da muka samu a zangon yana kan tudu, yana kallon ruwa, amma ƙasar a karkace take. Firij ɗin Kunkuru mai gas ne, in gida bai daidaita ba ba ya sanyi, ga nama ga man shanu. Na ɗora kofin ruwa a tebur, ruwan ya kwanta gefe ɗaya. Katakon da muke sawa ƙarƙashin taya kuwa, yana can gida a rumfa. Shekara uku na shiri, sola, tanki, birki, an manta katako.

Na fara mita. Na ɗauko tun daga shekarar sola. Ban kai tanki ba na ga ya shiga ciki ya fito rungume da mujallu. Ya durƙusa a yashi yana zaɓa, yana kawo kowace dab da fuskarsa. Ta sola, ƙasa. Ta tanki, ƙasa. Ta birki, ta taya, ta kyamara. Ya jera su gaban tayar hagu, ya daddanna, ya koma baya ya ɗaga hannu.

"Hau, direba. Kaɗan."

Na hau. Zulema daga ciki ta yi ihu ruwan kofi ya miƙe.

Na ce masa yau dai na ga amfaninsu. Ya ce ai ya faɗa mini kowace tafiya tana buƙatarsu.

Juma'a, 15 ga Fabrairu

Mun buɗe ƙofa da safe, ni da Zule, da rigunan barci, ƙafa a kan matakala. Ruwa ya janye ya bar duwatsu suna sheƙi. Sai can ta ce, "Kin makara da shekara talatin." Ta kwantar da kai a kafaɗata. Mun yi kuka kaɗan, muka ɗora wa iska.

Evaristo ya fito da fulas ya tsaya yana juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce a hoto teku yana shiga ido gaba ɗaya, wannan sai an bi shi yanki-yanki. Na ce a hagunka akwai jirgin masunta, ja. Ya juya ya same shi. Na ce a dama yara suna haƙa rami. Ya juya.

Ina jin aikina ke nan daga yanzu, ban da tuƙi.

Litinin, 25 ga Fabrairu

Zulema ta tafi jiya. Ba zan rubuta wannan ba.

Ayelén ta kira da rana. Ta ce shugabanta ya yi fushi da ta koma ba hoto, ta ce masa kyamara ce ta lalace. Tana so in sa wani ya ɗauke ni a bayan sitiyari. Na ce sai in za su rubuta cewa mai tsayuwa a baya yana da izinin magana, kuma su daina ce wa mutane gidan mai yana inda akuya take. Ta ce tana rubutawa. Sai ta ce, "To yanzu maki nawa, Doña Herminia?"

Na duba, Evaristo yana can bakin ruwa. Na ce huɗu. Ta ce an samu ci gaba. Na ce kada ta sake ta faɗa masa.

Ba mu koma gida ba tukuna. Wani maƙwabci a zangon ya ce akwai wani gaɓar teku can ƙasa inda zakunan ruwa, ƙattin dabbobin tekun nan, ke kwanciya a yashi, kusa sosai, ba sai an waiga ba. Evaristo bai ce mu je ba. Ya dai tambayi likita a waya ko maganin zai kai wata guda, ya ce zai kai.

Na duba abin da ya rage a kwali ko an yi maganar hanyar. An yi, a wata fitowar Nuwamba, kuma rabinta shirme ne. Na gyara musu da biro a gefe.

Ta Maris ɗin nan mai rawaya, ɗazu ya ɗauko zai ƙara a ƙarƙashin taya don yashi ya zauna. Na karɓe. Na ce siririya ce, ba za ta ɗaga komai ba. Tana cikin aljihun ƙofar direba.